Gargaɗi, Kashedi, Jan Kunne da 'Yan'uwansu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga bakin ɗalibai, masu fassara da sababbin ma'aikatan ɗakin labarai. Galibi sukan taso ne idan aiki ya kai mutum ga jimlar da wani yake sanar da wani cewa haɗari na tafe. Hausa tana da kalmomi da dama na wannan aiki, kowace da mazauninta. Abu biyu ne suka fi raba su: wa yake magana da wa, kuma daga ina cutar za ta fito.

Wace kalma ce ta fi dacewa idan ana so a sanar da mutum haɗari tun kafin ya auku?

Gargaɗi. Ita ce uwa a cikinsu, kuma ita ce ta fi faɗi. Likita yana gargaɗin mai hawan jini kan gishiri, direban da ya fito daga wata hanya yana gargaɗin abokin aikinsa cewa ruwa ya cinye gada a gaba, hukuma tana gargaɗin mazauna bakin kogi. A duk misalan nan mai maganar ya hango abin da mai sauraro bai hango ba, ya kuma faɗa masa tun da sauran lokacin kaucewa. Idan abin ya riga ya faru, sunan maganar ya canza: ta koma jaje, ko faɗa, ko "ai na gaya maka".

In ka rasa wadda za ka ɗauka, ɗauki gargaɗi, da wuya ka yi kuskure babba. Sai dai ba ta da zafin kashedi, ba ta kuma da taushin faɗakarwa, kamar yadda za a gani a amsoshin da ke ƙasa.

Me ya sa wani lokaci ake cewa "gargaɗi", wani lokaci "gargaɗe", wani lokaci "gargaɗa"?

Aikatau ɗaya ne, abin da ya biyo bayansa ne yake sauya masa wasalin ƙarshe. In suna ya biyo baya, sai a ce "ya gargaɗi Musa". In wakilin suna ne, "ya gargaɗe shi". In babu abin da ya biyo baya, "Musa ne wanda na gargaɗa". Tafiyarsu ɗaya da tambaya: ya tambayi Musa, ya tambaye shi, Musa ne na tambaya. Kuskuren da na fi gani a rubutu shi ne "ya gargaɗi shi", wanda kunnen Bahaushe ba ya karɓa ko kaɗan.

Akwai kuma gargaɗi a matsayin suna, namiji ne: "gargaɗin ya zo a makare", "an yi musu gargaɗi mai tsanani". Abin da aka yi gargaɗin a kansa yakan zo bayan "kan", "game da", ko "cewa", ko kuma "da" tare da kada: "ta gargaɗe su da kada su bi ta daji da dare".

Dole ne sai na sa lanƙwasa a kan ɗ?

Dole ne, domin akwai wata kalma dabam da ke jiran ka yi sake. Gargada ita ce rashin kyan hanya, irin wadda mota ke tafiya tana tsalle, ciki yana kaɗawa. Gargaɗa kuwa aikatau ne na gargaɗi. Haka hadari da haɗari: hadari shi ne wanda ke haɗuwa a gabas da damina, haɗari ko hatsari shi ne abin da ake gudu. Wanda ya rubuta "akwai hadari a hanyar Zariya" ya bar mai karatu bai san ko laima zai ɗauka ko fasa tafiyar zai yi ba.

Mene ne bambancin gargaɗi da kashedi?

A gargaɗi, cutar tana iya fitowa daga ko'ina: ruwa, cuta, ɓarayi, rami a hanya. A kashedi, kusan kullum hukuncin yana hannun mai maganar ne. Uban da ya ce wa ɗansa "kashedinka da gidan nan" ba labarin haɗari yake ba shi ba kawai, yana gaya masa ne cewa in ya koma, shi da kansa zai yi maganinsa. Saboda haka kashedi daga sama yake saukowa: uba ga ɗa, alƙali ga wanda ake ƙara, mai unguwa ga masu zuba shara a kwata, 'yan sanda ga 'yan daba. Ƙarami ba ya yi wa babba kashedi sai in rashin kunya ya fito yi.

A farkon aikina a wani gidan rediyo na taɓa rubuta cewa likitoci sun yi wa iyaye mata kashedi kan ba jarirai ruwan da ba a tafasa ba. Editan, wani dattijo mai jan biro a aljihun gaba, ya karanta, ya ɗago kai ta saman tabarau ya ce, "Malam, likitocin nan kama su za su yi?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, "To gargaɗi suka yi." Ya soke kalmar ya miƙo mini takardar. Tun daga ranar, kafin in rubuta kashedi sai na tambayi kaina ko mai maganar yana da bulala a hannu.

Kashedi yakan zo da abokan tafiyarsa: "kakkausan kashedi", "kashedi da babbar murya", "kashedi na ƙarshe". Ba a cika jin "kashedi cikin ruwan sanyi" ba, don abin ba ya haɗuwa.

To jan kunne fa, a ina ya tsaya?

Tsakaninsu yake, amma ya fi kusa da gida. Asalinsa a fili yake: babba ya kama kunnen yaro yana yi masa magana don ta shiga. Har gobe za ka ga uwa ta kama fatar kunnenta da yatsu biyu tana cewa, "Ka dai ji abin da na gaya maka." Ana cewa "ya ja masa kunne" ko "ya ja kunnensa", duka daidai ne.

Abin da ya keɓanta shi shi ne yawanci an riga an ga alamar laifi, ko an yi na farko an yafe. Akwai kuma kulawa a cikinsa, wadda babu ita a kashedi. Maƙwabci yakan je wajen uban yaro ya ce, "Alhaji, a ja wa Sani kunne, na gan shi da yaran nan na bakin kasuwa." Bai nemi a hukunta shi ba, ya nemi a tare shi ne tun bai yi nisa ba. Kunnen nan kuma yana nan a sauran maganganunmu: yaron da ba ya ji mai kunnen ƙashi ne, wanda ya ji ya yi kamar bai ji ba ya yi kunnen uwar shegu, sannan in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Faɗakarwa, ankararwa, tunatarwa da wayar da kai duk abu ɗaya ne?

A'a, ko da yake 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma dukkansu babu hukunci a bayansu. Faɗakarwa daga faɗaka take, wato mutum ya farka daga gafala. Ita ake yi wa jama'a a rediyo da masallaci kan sanƙarau da zafi ya gabato, ko kan barin murhun gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu. Ankararwa daga ankara take, kuma ta fi gaggawa, ta fi kusa: wayarka ta leƙo daga aljihu a cikin cunkoso, wani ya taɓa ka ya nuna maka, ya ankarar da kai ke nan. Fargar da mutum ma haka take, nusar da shi kuma ya fi shafar tunani da ra'ayi.

Tunatarwa tana nuna cewa mai sauraro ya riga ya san abin, mantuwa ce kawai ake gudu. Wannan ne ya sa ta zama kalmar ladabi, kuma za ka sake haɗuwa da ita a amsar da ke kan yi wa babba gargaɗi. Wayar da kai kuwa aiki ne mai tsawo, na watanni ko shekaru, irin wanda aka yi kan rigakafin shan inna a jihohin Arewa. Ba a wayar wa mutum da kai kan motar da ke tahowa a guje.

"Ya faɗakar su" ko "ya faɗakar da su"?

"Ya faɗakar da su." Duk aikatau masu wannan siga suna ɗaukar "da" kafin wanda aka yi wa aikin: ankarar da, tunatar da, tsoratar da, sanar da, nusar da. In kuwa ka ji mutumin Sakkwato ko Katsina ya ce "sanasshe shi" ko "tunasshe su", ba kuskure ya yi ba, tsohuwar siga ce mai rai, kuma ita ba ta buƙatar "da".

Yaushe gargaɗi yake zama barazana?

Lokacin da mai maganar shi ne zai kawo cutar, kuma ba shi da hurumin yin hakan. Wanda ya ce maka "kada ka bi hanyar nan, akwai 'yan fashi" ya gargaɗe ka. Ɗan fashin da ya aiko wa ƙauye cewa in ba a kai masa kuɗi ba zai ƙone rumbuna, barazana ya yi. Kashedi ma daga mai maganar hukuncinsa yake fitowa, kamar yadda aka yi bayani a sama, amma shi jama'a sun yarda mai yin sa ya isa. Barazana ga rai ko dukiyar wani laifi ce a ƙarƙashin Final Kod, dokar hukunta laifuka da ta fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960.

A nan ne mai fassara labari yake shiga tsaka mai wuya. In wata ƙasa ta ce za ta kai wa maƙwabciyarta hari idan ba ta janye sojoji ba, rubuta "ta gargaɗe ta" yana wanke mai maganar, rubuta "ta yi mata barazana" kuma yana shafa mata baƙin fenti. Ni dai abin da nake yi shi ne in duba abin da aka ce za a aikata. In hari ne ko kisa, barazana nake rubutawa, ko wace ƙasa ce. Akwai kuma kurari da burga, wato barazanar da ake zaton babu komai a bayanta. Waɗannan hukunci ne na marubuci, don haka wurinsu sharhi ne, ba labari ba.

Za ka kuma ji ana cewa "barazanar ambaliya" ko "barazanar yunwa", inda babu wani mai magana. Wannan amfani ta hanyar fassara ya shigo, amma ya zauna daram, ba wanda zai tuhume ka a kansa.

Wa'adi ma gargaɗi ne?

Gargaɗi ne da aka ɗaura wa agogo. Asalin kalmar Larabci ne, kuma ma'anarta lokacin da aka yanka: wa'adin mulki, wa'adin biyan bashi, har mutuwa ma cikar wa'adi ce. Idan aka ce "an ba su wa'adi", ana nufin an faɗa musu abin da za su yi da ranar da haƙuri zai ƙare. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Mohamed Bazoum kan mulki. Wa'adin ya cika, sojan ƙungiyar ba su shiga ba. Irin wannan ne Bahaushe yake ce wa an daɗe ana gafara sa, ba a ga ƙaho ba.

Wa'adi ana bayar da shi ne ko a ɗiba, ba a "yin" sa kamar gargaɗi. Yana cika, yana ƙarewa, ana tsawaita shi.

Nasiha da wa'azi fa? Su ma ai ana tsoratarwa a cikinsu.

Ana yi, amma tsoratarwar rabin aikin ce. Nasiha shawara ce ta mai son ka da alheri, tana nuna abin yi da abin bari. Ita ce iyaye suke yi wa amarya daren da za a kai ta, inda ake cusa mata "yi, na yi, bari, na bari", ko da yake a gidaje da yawa faɗa ake kiran wannan zama. Wa'azi na addini ne, kuma malamai sun daɗe suna raba shi gida biyu, kwaɗaitarwa da tsoratarwa. Waƙoƙin wa'azin da malaman jihadin Sakkwato suka rubuta a ƙarni na 19, da Hausa da Fulatanci da Larabci, a kan wannan tsari suke: a siffanta wuta, a siffanta aljanna.

A tafsiri, gargaɗi ita ce kalmar da aka saba sa wa "inzari" na Larabci. Alƙur'ani ya kira Annabi (SAW) mai bushara kuma mai gargaɗi, aya ta 2 ta Suratul Muddassir kuma umarni ce gare shi da ya tashi ya yi gargaɗi. Ina ganin wannan yana cikin abin da ya ba kalmar nauyin da take da shi a kunnenmu, har ta fi faɗakarwa kwarjini ko da a maganar duniya ce.

Kul, ahir, hattara, gafara: yaya ake amfani da su?

Waɗannan su ne gargaɗin da ba ya jiran jimla. "Kul!" ta yara ce tun asali: jariri ya rarrafa wajen murhu, uwa ta daka masa "kul!" daga inda take. Ga wanda ya girma sai ta zama kashedi: "Kul na sake ganinki a ƙofar gidan nan." "Ahir" ta fi ta zafi, akwai tsawa da ƙyama a cikinta, kuma sau da yawa martani ce ga maganar da ta wuce gona da iri: "Ahir ɗinka, kada ka ƙara sa sunan mahaifina a bakinka." Ba kalmar da za ka rubuta a sanarwar asibiti ba ce.

"Hattara" ta kowa ce, babu raini a cikinta, shi ya sa ta dace da allo da kanun labari: "Hattara da 'yan damfara." "Gafara" kuwa ta mai kaya ce. Shiga kasuwar Kwari ko Singa a Kano ka tsaya a tsakiyar layi, ba za ka yi minti guda ba sai ka ji mai baro ko ɗan dako daga bayanka yana "Gafara dai! Hanya!" Bai nemi ka yafe masa komai ba, cewa yake ka kauce kafin dila ta same ka a ƙeya.

In haɗarin ya riga ya iso, ana bukatar jama'a su fito, wace kalma ce?

Nan an bar gargaɗi an shiga ihu, kururuwa da yekuwa. Ihu da kururuwa na wanda abin ya rutsa da shi ne: "Wayyo jama'a, gobara!" ko "Ɓarawo!" Yekuwa kira ne da ake yaɗawa don kowa ya ji ya fito, gangami kuma taron da kiran ya haifar, wanda a da ganga ce take tara shi. Larabawan dā ma suna da irin wannan kira na farmakin asuba, kuma da shi ne Annabi (SAW) ya tara Ƙuraishawa a dutsen Safa lokacin da aka umarce shi ya gargaɗi danginsa na kusa.

Shela dabam take. Ita sanarwar hukuma ce, wadda sankira ko mai shela yake bi unguwa-unguwa yana yi, yana farawa da "Sarki ya gaishe ku". Abin da ke cikinta yana iya zama gargaɗi, kamar a ɗaure dabbobi don an yi shuka, yana iya zama labarin ganin wata. Yau lasifikar masallaci da rediyo da WhatsApp sun karɓi yawancin aikin, amma kalmomin suna nan. Abin da ban so shi ne "kaɗa ƙararrawar gargaɗi" da wasu ke rubutawa. Warin fassara take yi, alhali "ankarar da jama'a" ko "yi yekuwa" sun isar.

Yaya zan gargaɗi mahaifina, ko maigidana, ko sarki, ba tare da na yi rashin ladabi ba?

Da farko ka ajiye kalmar gargaɗi kanta, kada ta fito daga bakinka. Na biyu ka bar "ka" ka koma "a". Ɗa ba zai ce "Baba, kada ka bi hanyar nan" ba in yana da tarbiyya, sai dai ya ce, "Baba, da dai an haƙura da tafiyar nan zuwa safiya, an ce hanyar ba kyau da dare." Matar gida takan ce, "Malam, mutumin nan da ake hulɗar kuɗi da shi, a dai riƙa sara ana duban bakin gatari." Ƙane ga wansa: "Yaya, ba don na isa ba, amma a duba maganar filin nan da kyau kafin a biya."

A fada abin ya fi haka lanƙwasa. Bafade zai faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tuni ne ake yi wa mai ilimi," sannan ya kawo maganar kamar labarin wani gari. Karin magana tana aiki sosai a nan, don tana ɗauke wa mai magana nauyi: ba shi ya faɗa ba, magabata ne suka faɗa. "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba" an yi ta ne musamman don wannan wuri, tana gaya wa babba cewa ba kujerarsa ake nema ba.

Mene ne hannunka mai sanda?

Gargaɗi ne ko nuni a kaikaice, wanda ake yi don mai hankali ya gane ba tare da an tona kowa ba. Ana danganta maganar da yadda ake yi wa makaho jagora da baki: maimakon a ce dama ko hagu, sai a ce ya bi ta hannunsa mai sanda. Abokin aikinka ya ji ana shirin bincike a ofis, ba zai iya faɗa maka kai tsaye ba, sai ya ce, "Kwanan nan dai kowa ya gyara takardunsa." Ya yi maka hannunka mai sanda.

Kada a haɗa shi da habaici ko gugar zana. Su don su yi ciwo ake yin su, shi kuwa don ya yi amfani. Ishara ta fi shi faɗi, don tana iya zuwa ba daga bakin mutum ba, shi ya sa ake cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Wace karin magana ake yi wa wanda aka gargaɗa ya ƙi ji?

Suna da yawa, abin da ke nuna an daɗe ana fama. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho: "bari" ita ce gargaɗin, "hoho" kuma jajen da ake yi bayan abin ya faru. In ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba. Jiki magayi. Waɗannan ukun bayan an gaji ake faɗarsu, mai maganar ya zare hannunsa. Akwai kuma waɗanda ake yi tun da sauran dama, kamar in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, da gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Su na koyi da abin da ya sami wani ne.

Na ga kanun labari "Gargaɗin gwamnati". Gwamnati ce ta yi, ko ita aka yi wa?

Duka biyun suna iya zama, kuma matsalar ke nan. Mai karatu yakan ɗauka gwamnati ce ta yi, amma "gargaɗin ɗalibai" fa? In akwai wuri, fito da aikatau: "Gwamnati ta gargaɗi 'yan kasuwa", "Malamai sun gargaɗi gwamnati". In wurin ya yi kaɗan, "ga" da "daga" suna warware rikicin: "Gargaɗi ga ɗalibai", "Gargaɗi daga NEMA".

Hasashe da gargaɗi ɗaya ne a labaran yanayi?

Ba ɗaya ba ne, kuma gwama su yana da illa. Hasashe faɗar abin da ake sa ran zai faru ne. A farkon kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, lokacin saukarta da ɗaukewarta, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, inda take jera jihohi da ƙananan hukumomin da abin zai iya shafa. Gargaɗi yana zuwa ne idan aka ce wa mutane su yi wani abu: su tashi daga bakin kogi, su kwashe amfanin gona, su yashe magudanan ruwa. Misalin da aka fi sani shi ne idan Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, sai a gargaɗi mutanen Adamawa, Taraba, Binuwai da Kogi. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna abin da ruwan kogin nan yake iya yi.

In ka kira kowane hasashe gargaɗi, ranar da gargaɗin gaske ya zo kunnuwa sun riga sun dode. In kuma ka kira gargaɗi hasashe, manomi zai ce Allah ne masani ya ci gaba da barcinsa. Ambaliya ba ta zaɓar rana tsaka: ruwan madatsar Alau da ya mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 cikin dare ya shiga gari. Don haka a irin wannan sanarwa ni nakan bar kalmomin ofis, in rubuta abin da mutum zai yi da kuma yaushe: "Mazauna bakin kogi su tashi kafin daren yau."

Akwai kalmomin aro da suka shigo wannan fage?

Akwai, kuma wasu sun sauya ma'ana a hanya. Danja daga kalmar Turanci mai nufin haɗari take, amma a bakin direba ita ce jar fitilar bayan mota ko fitilar ba da hannu a mahaɗar titi: "danja ta tsayar da mu". Jiniya ta motar asibiti ce da ta kashe gobara, da kuma ta manya masu son a ba su hanya. Notis shi ne wanda mai gida yake ba ɗan haya, kuma ɗan'uwan wa'adi ne, sai a duba amsar da ke kan wa'adi a sama.

Wasu kuma fassara aka yi suka zauna. A ƙwallon ƙafa katin ɗorawa shi ne katin gargaɗi, ja kuma na kora, tsarin da aka fara amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko. Akwai kuma yajin aikin gargaɗi, wanda wasu gidajen rediyo suke kira na jan kunne. Wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta fara ranar 14 ga Fabrairun 2022 da sunan na mako huɗu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗaliban da suka zauna a gida a shekarar ba sa jin kalmar da sauƙi har yanzu.

Zan rubuta gargaɗi a allo ko a jikin kwalbar magani. Wane salo ya fi?

Gajere, da "a" ko "kada a", don ya game kowa, namiji da mace, babba da yaro. "Hattara, akwai rami a gaba." "Kada a sha fiye da ƙwaya biyu a lokaci ɗaya." "A ajiye inda yara ba za su kai ba." "An hana" na wurin da akwai doka ne da mai tilasta ta, wato kashedi ne a rubuce: "An hana ajiye mota a nan." In babu mai hukunci, "kada a" ta fi gaskiya. "Kada" da "kar" ma'anarsu ɗaya, sai dai "kada" ta fi zama a rubutu.

Faɗi haɗarin da sunansa. "A kula" kaɗai ba ta gaya wa kowa abin da zai kula da shi ba, amma "A kula, wayar nan akwai wuta" ta gama magana. Kada kuma a manta cewa da yawa daga masu wucewa ajami suka fi iya karantawa, wasu kuma ba sa karatu sam, don haka hoto ko jan fenti a gefen rubutun yana da amfani. A jikin katangar wani lungu a unguwarmu an fara rubuta "Don Allah kada a yi fitsari a nan". Bayan wata biyu aka goge aka sa "An hana". Da azumi ya zo sai ga sabon rubutu da gawayi a ƙasansa, da wani hannu dabam: "Allah ya isa."